Injinmu Ya Tafi Kallon Zane

Jama'a, ku yi mini uzuri idan kuka ji warin dizal a rubutun wannan makon. Na wanke hannu da sabulu, na goga toka, na matsa lemun tsami, amma har yau in na kai loma baki ji nake kamar a gidan mai nake cin abinci.

Talatar makon jiya ce layi ya zagayo kaina na sayo wa unguwa mai. Haka muke yi a Bayan Kasuwar Kifi, kowane gida da ranarsa ta ɗaukar jarkar unguwa ya je ya yi zaman layi. Ina idar da sallar asuba na rufe shagon askina, na ɗaure jarka a bayan babur, na tarar layin ya riga ya haye gada ya karya kwana wajen masu sayar da kwakwa. Wanda ke gabana ya zo da kujerar roba da filas ɗin kofi, alamar ɗan gari ne. Na bayana kuwa, daga gaisuwa sama-sama sai da ya ba ni tarihin basir ɗinsa tun daga farko har inda aka kwana. Rana ta take kafin in kai bakin famfo. Mai zuba man ya dubi jarkata ya ce ba a sayarwa a jarka sai da takarda. Na nuna masa takarda. Ya ce hatimin na bara ne. Na ce ai sauƙin man ma bara aka yi mana alkawarinsa, ga shi muna nan muna amfani da alkawarin. Mutanen layi suka kwashe da dariya, ya ji kunya ya zuba mini.

Na taho a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, jarka tana tsiyaya a wandona. Na isa ɗakin inji da ke bakin magudana, na sauke, na tura ƙofa. Wayam. Dandamalin siminti kawai na gani, da ƙusoshin da aka kwance, da tabon baƙin mai a inda injin wutarmu yake zama.

Maƙwabcina Pak Kasmuri, wato Malam Kasmuri a bakin mutanenmu, mai keken haya, yana kishingiɗe a kan kujerar fasinja a inuwar mangwaro yana busa sigarinsa mai kanumfari.

Na ce, "Kasmuri, ɓarayi?"

Ya ce, "Wane ɓarawo ka taɓa gani ya zo da babbar mota da mutane masu inifom, har ya nemi a ara masa sifana? Ƙarin girma aka yi wa injinka, Tukiran. Ya koma kan tudu. Ya samu aiki a gidan tarihi."

"Kai kuma kana kallo?"

"Ni na ara musu sifanar. Ka san ni da mutunci."

Ku mutanen kan tudu da kuke karanta wannan shafi da busassun ƙafafu, bari in tuna muku abin da wannan inji yake nufi a wurinmu. Unguwarmu nutsewa take yi a hankali, teku kuma ba ta da kunya. In ta cika sai ta biyo magudana ta shigo ta gaishe mu har tsakar ɗaki. Abin da ke mayar da ita inda ta fito shi ne famfon da ke bakin magudanar, famfon da aka yi ta yi mana alkawarinsa zaɓe bayan zaɓe har waɗanda suka fara jin alkawarin suna goye suka yi gemu. Da ya iso aka kafa rumfa, aka yi kiɗa, shugaban garinmu, Mai Girma Sarkin Almakashi, ya zo ya yanka kyalle. Ni da shi sana'armu ɗaya, kowa da almakashi yake ci, sai dai ni in na yanka ana ganin bambanci a kan mutum. To famfon nan da lantarki yake aiki, lantarkin garinmu kuwa kun san shi, ko kyanwa ta yi atishawa a kan waya sai ya ɗauke, balle a yi tsawa. Saboda haka injin wutar nan shi ne ran famfo, famfo kuma shi ne ranmu.

Da yamma mai unguwarmu Pak Darmaji ya zo ya same mu a ƙofar shagona. Mutumin kirki ne, ba zan ci amanarsa ba, amma Allah ya halicce shi da wuyan da bai iya girgizawa gefe ba, sama da ƙasa kawai yake motsi.

Ya ce, "Aro ne fa, 'yan'uwa. Aro na ɗan lokaci. Wani babban attajiri ne ya yarda a baje zane-zanen da ya tara a gidan tarihinmu. Abin alfahari ne ga gari baki ɗaya. Zanen ba ya son zafi, ba ya son danshi, dole na'urar sanyaya ɗaki ta yi ta aiki ba ƙaƙƙautawa."

Matata Warsiti ta leƙo daga ciki da ludayi a hannu ta ce, "Mu kuma an bincika an gano muna son danshi ko, Pak?"

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ce don a nuna mana ana ji da mu, an gayyaci unguwarmu gaba ɗaya bikin buɗewa ranar Alhamis. Kowa ya sa rigar batik mai kyau, irin rinannen yadin nan namu na fita kunya, za a turo mota, za a ba kowa shinkafa a kwali. Abin da ake buƙata a wurinmu bai wuce tafi ba.

Tsohuwa Mbah Ngatinem, wato Kaka Ngatinem, wadda ƙafafunta suka daina ɗaukarta tun bara kuma kunnenta yake zaɓen abin da zai ji, ta ji an ce za a baje zane sai ta ɗauka zannuwa za a raba. Ta aiko a ce mini in zaɓo mata mai duhu wanda ba ya nuna datti.

Na je. Kada ku ce kwaɗayin shinkafa ne ya kai ni, ko da yake ban mayar da ita ba. Zuwa na yi in ga wanda aka fifita a kanmu.

Gidan tarihin nan kun san shi, tsohon ginin nan na zamanin Turawa da ke kan tudu, wanda rufinsa ya shekara da shekaru yana yoyo a kan wuƙaƙen kakanninmu ana cewa babu kuɗin gyara. To ku je ku gani yanzu. Rufi sabo, fenti fari tas, har titin da ya hau tudun an shafe masa kwalta, ɓangaren da motar Mai Girma za ta bi. Ɗaya ɓangaren an bar shi yadda yake don kada a ɓata tarihi. Wuƙaƙen da tsofaffin ganguna da kwalekwalen masunta an tattara su an kai ɗakin baya, an rufe da tamfol. A bakin ƙofa an rataya wani ƙaton kyalle mai hoton Mai Girma yana murmushi, ya fi kowane zane da ke ciki girma.

Shi mai kayan, Attajirin Da Ba A Faɗin Sunansa Sai Da Alwala, bai samu zuwa ba. An ce yana ƙasar waje ana duba lafiyar jirginsa. Wakili ya turo, wani dogo mai takalmin da za ka iya duba haƙoranka a ciki.

Mai Girma ya hau mumbari. Ya ce yau garinmu ya shiga sahun manyan biranen duniya. Ya ce fasaha ce za ta tsamo al'umma daga taɓo. Mu mutanen taɓo muka tafa, Pak Darmaji yana ba mu alama da ido. Ya ce ya daɗe yana son irin wannan zane tun yana ƙarami, yana faɗa yana nuna wani jan akwati da ke jikin bango, wanda daga baya muka gano na abin kashe gobara ne. Aka miƙo almakashi a kan tire, kyalle ya faɗi, muka shiga.

Sanyi ya fara dukanmu tun daga ƙofa. Bango fari, fitilu ƙanana, ga zane-zanen a jere da tazara a tsakaninsu kamar masu gaba da juna. Babu mutum a ciki, babu doki, babu gonar shinkafa, babu dutse mai hayaƙi irin wanda ake zanawa a bayan manyan motoci. Wannan alwatika ce ja a kan fari. Wancan murabba'i ne rawaya a cikin murabba'i ruwan toka. Ga wata da'ira shuɗiya an raba ta biyu an ɗan zame rabin. Wani kuma layuka ne baƙaƙe tsaye a jere, na kalle su na ce waɗannan ma mai suke jira.

Kasmuri ya sunkuya ya karanta ɗan allon da ke ƙasan wani ya ce, "Wai Ba Suna. Tukiran, mutum yana da kuɗin sayen wannan amma ya kasa yanka akuya a raɗa masa suna?"

Wata mata siririya mai tabarau da ke tsaye kusa ta yi dariya. Ita ce Mbak Laras, wato Yaya Laras, ma'aikaciyar da ke kula da zane-zanen, wadda aka ce har ƙasar waje ta je ta karanto abin. Na ɗauka za ta yi mana kallon 'yan ƙauye, sai ta ce, "Pak, mai zanen ne ya ƙi sa suna, don kada ya gaya muku abin da za ku gani. Ku tsaya a gabansa kaɗan, kada ku nemi komai a ciki. In bai yi muku ba ku wuce, ba laifi ba ne."

Na tsaya a gaban da'irar nan shuɗiya. Gaskiya ɗaya ce, ni ba ni da faɗa da zanen. Mutumin da ya yi shekaru yana daidaita layin gashi a ƙeyar mutane ya san jan layi miƙaƙƙe ba wasa ba ne, kuma shuɗin nan yana da wani sanyi da ke kwantar da ido. Ba don hankalina yana kan baƙin hadarin da na baro a kan teku ba, da na daɗe a wurin.

Na ce, "Mbak, in aka ɗauke wuta fa?"

Ta ce, "An saya mana sabon inji musamman saboda wannan. Yana baya."

Ni da Kasmuri muka dubi juna. Muka ce za mu zaga bayi, muka zagaya bayan ginin. Ga shi nan. An wanke shi, an shafa masa shuɗin fenti, an yi masa rumfa, har da mai gadi a kan kujera. Amma lotsawar da keken Kasmuri ya yi masa a gefe ranar da birki ya ƙwace tana nan, fenti bai ɓoye ta ba.

Kasmuri ya ce, "Salamu alaikum, mutumin Bayan Kasuwa." Ya saurara. "Ka gani ko? Ko amsawa bai yi ba. Haka suke in sun hau tudu."

Ban san inda sabon injin da aka saya ya kwana ba, kuma ni mai aski ne, ba a biyana don in sani. Muka koma muka karɓi kwalinmu. Shinkafa ce da rabin ƙwai da yankan tempe, awarar wakenmu, siririn da za ka iya karanta jarida ta cikinsa, an yanka shi alwatika. Kasmuri ya ɗaga shi sama ya ce wannan ma a rataya shi a bango.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Washegari Juma'a, muna fitowa daga masallaci sama ta yi baƙi ƙirin. Tsawar farko ta tafi da lantarki. Ruwan sama ya sauko, teku kuma ta ce ita ma yau ranar cikarta ce, suka haɗu a magudanarmu kamar 'yan'uwan da suka daɗe ba su ga juna ba. Famfo yana zaune shiru, jarkar da na sha rana a kanta tana gefensa cike, ba abin da za a zuba wa.

Kafin la'asar ruwa ya wuce gwiwa. Na ɗora abin da zan iya a kan kabad. Kujerar askina da na gada wurin mahaifina ba ta ɗaguwa, na bar ta ina ji ina gani ruwa ya haye mazauninta. A waje mata suna ta kiran 'ya'yansu, takalma da robobi suna yawo a lungu, wani yana bin buhun shinkafarsa da gudu a cikin ruwa. Makarantar firamaren da muka saba fakewa a cikinta an yaye rufinta tun watannin baya za a gyara, ɗan kwangila ya tafi sayo ƙusa bai dawo ba. Masallacin unguwa shi ma ruwa ya kai mumbari.

Muka shiga ɗakin Mbah Ngatinem muka same ta a kan gado, ruwa yana lasar katifa, ta rungume rediyonta tana salati. Ni da Kasmuri muka ɗauko ta muka ɗora a kekensa, muka lulluɓe ta da leda. Jikinta sai rawa yake yi. Jama'a suka taru a bakin gada, kowa da ƙunshinsa a ka, ana tambayar Pak Darmaji ina za a nufa. Yana ta danna waya, duk wanda ya kira ba ya ɗauka.

Warsiti ta gyara tukunyar da ke kanta ta ce, "Wai me ake ta shawara? Ina injinmu yake? To can za mu. Mu bi kayanmu."

Haka muka hau tudun nan a jere cikin ruwa, da tabarmi da tukwane da kaji a kwando, Kasmuri yana tura keke muna taya shi, ta ɓangaren titin Mai Girma don ya fi santsi. Gari duk ya yi duhu da hadari, gini ɗaya ne ke haske a kan tudu, injinmu yana ta ruri a bayansa.

Mai gadi ya tare ƙofa da sanda ya ce an tashi, kuma ba a shiga da jiƙaƙƙun kaya. Hayaniya ta fito da Mbak Laras. Ta dube mu, ta dubi keken. Warsiti ta gaya mata komai a taƙaice, har da lotsawar da ke gefen inji. Matar nan ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta kira shugabanta, Babban Daraktan Kada-A-Taɓa, aka ce yana babban birni wajen taron ƙara wa juna sani kan shirin ko-ta-kwana. Ta sake kira, waya a kashe.

Mbah Ngatinem ta ɗago leda ta ce, "'Yar nan, nan ne ake rabon zanen?"

Mbak Laras ta dubi tsohuwar. Can ta ce wa mai gadi, "Buɗe." Ta juyo gare mu. "Iyaye mata, iyaye maza, ku shigo. Amma don Allah kada hannun kowa ya taɓa bango. Ba girki a ciki, ba sigari. In abu ɗaya ya lalace, ko an sayar da ni da dangina ba za mu biya ba. Aikina kam na san gobe babu shi."

Ban taɓa ganin mutanen Bayan Kasuwar Kifi da ladabi irin na ranar ba. Mutanen da ba sa iya bin layin rabon gas ba tare da an fasa wa wani baki ba, su ne suka tuɓe takalma a waje, suka matse kayansu a baranda, suka shiga da sanɗa. Mata suka ƙulla igiyoyin shanya suka zagaye ɗakin, taku biyu daga bango, aka ce duk ɗan da ya tsallake uwarsa za a tuhuma. Kaji aka bar su a baranda. Mu maza muka zagaya baya muka shanya rigunanmu a jikin injinmu, yana hura mana ɗumi, mata suka kafa murhu a gefensa aka dafa taliya da shayi. Kasmuri ya ce to yanzu injin ya amsa sallama.

Matsalar ita ce sanyi. Na'urar sanyaya ɗakin ba ta kashuwa saboda zane, mu kuma a jiƙe muke. Haƙoran Mbah Ngatinem, 'yan waɗanda suka rage, sai haɗuwa suke. Babu bargo ko ɗaya busasshe. Pak Darmaji, mutumin da bai taɓa saɓa wa na sama ba tunda aka haife shi, ya fita ba tare da ya ce wa kowa komai ba, ya hau kujerar mai gadi, ya kwanto ƙaton kyallen nan mai hoton Mai Girma, ya karkaɗe shi ya ninka biyu ya lulluɓe tsohuwa da shi. Ku shaida, jama'a, ranar Juma'ar nan Mai Girma ya rufa wa talaka asiri. Da idona na gani.

An kwantar da ita tana fuskantar rawayan murabba'in nan. Ta daɗe tana kallonsa. Mbak Laras ta kawo mata shayi ta tsuguna ta ce, "Mbah, ya yi miki?"

Ta ce, "Ba ruwansa. Hotunan ɗakina duk kallona suke yi, mijina da 'ya'yana da suka riga ni, kullum kamar suna tambayata me nake jira. Wannan bai tambaye ni komai ba." Ta kurɓi shayi ta ƙara da cewa, "Amma zai nuna datti."

A nan muka kwana. Gari na wayewa muka ji jiniya. Ashe hotunanmu sun zaga duniya a waya, mutane kwance reras a ƙarƙashin alwatika da da'ira, kuma sun isa har inda ake duba lafiyar jirgi. 'Yan jarida suka riga kowa zuwa. Sai ga wakili mai takalmi, fuskarsa kamar an wanke ta da toka, yana bin zane ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa. Bai samu ko tabon yatsa ba. Bayansa Mai Girma ya shigo da rakiyarsa, ya murtuke, ya nufi Mbak Laras kai tsaye da yatsa a miƙe. Ita kuma ta tsaya ta haɗe hannuwa kamar mai jiran hukunci.

Shekarata talatin da wani abu da Warsiti, na san in ta gyara ɗankwali akwai magana. Ta gyara. Ta ratsa ta tsakanin masu kyamara ta sha gaban Mai Girma, ta kama hannun nan mai yatsa da hannu biyu ta kai goshinta.

Ta ce da ƙarfi yadda kowace na'ura za ta ɗauka, "Ranka ya daɗe, mun gode! Mbak Laras ta gaya mana kai ne ka ba da umarni a buɗe wa talakawa ƙofa. Ta ce Mai Girma ya ce ran mutum ya fi komai. Allah ya ƙara girma!"

Muka tafa. Wannan karon ba wanda ya ba mu alama.

Mai Girma ya dubi kyamara, ya dubi wakili, ya dubi hotonsa da ke lulluɓe da tsohuwa tana minshari a ƙarƙashin haɓarsa. Sannu a hankali murmushin da ke kan kyallen ya dawo kan fuskar mai shi. Ya ce ai wannan shi ne abin da ya daɗe yana faɗa, fasaha ta jama'a ce.

Warsiti ba ta saki hannun ba. "Kuma mun ji ka ce yau ɗin nan za a mayar mana da injinmu kafin azahar, don mu koma gida mu bar wa zane wurinsa. Wallahi da muka ji har kuka muka yi."

Wakili ya matso da sauri ya ce lallai, lallai, yau ɗin nan, kafin azahar ma in da hali. Mai Girma ya ce dama abin da ya zo sanarwa ke nan.

Jama'a, na ga aikin hukuma iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa ganin mai sauri irin na Asabar ɗin nan ba. Babbar mota ta zo, ba a ma nemi aron sifana ba. Kafin a kwance namu sai ga wani inji sabo fil da ledarsa an sauke a gurbinsa. Daga ina ya fito, a gidan wa ya yi makonni yana hutawa, ba wanda ya tambaya, ni ma ban tambaya ba. Ana kiran azahar famfonmu ya yi tari ya kama. Zuwa yammacin Lahadi muna ganin ƙasan lungu.

Abin da ruwa ya ci ya ci. Kujerar mahaifina ta kumbura ta tsage, yanzu a kan benci nake yi wa mutane aski. Katifar Kasmuri tana kan rufi har yau tana wari. Maƙwabciyarmu mai yin tempe waken da ta ajiye na wata guda duk ya tsiro. Mbah Ngatinem ta yi kwanaki a asibiti da ciwon ƙirji, shekaranjiya aka sallamo ta, kuma ta ƙi mayar da kyallen, ta ce ba ya yoyo. Ba wanda ya zo ya tambaye mu abin da muka rasa.

Mbak Laras tana nan a kan aikinta, domin ba a korar ma'aikaci saboda ya bi umarnin Mai Girma. Babban Darakta ya dawo daga taro an ba shi lambar yabo ta saurin ɗaukar mataki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ita kuwa matan unguwarmu sun sa ta a gaba da kwanon abinci kullum, ta ce in ba su daina ba sai ta sake ɗinki.

Jiya wani abokin cinikina ya karanta mini sanarwar da aka fitar ina tsakiyar gyara masa ƙeya. Wai baje kolin ya kafa tarihi, ba a taɓa samun masu kallo da yawa a yini ɗaya irin na ranar Juma'a ba, har wasu saboda shauƙi sun ƙi tafiya gida. Wai wannan ya tabbatar da cewa talakawan garinmu suna fama da ƙishirwar fasaha, don haka za a nemi kuɗin faɗaɗa ginin.

Allah ya ja zamanin masu sanarwa. Ni dai a madadin mutanen Bayan Kasuwar Kifi ina roƙon a gyara kalma ɗaya. A rubuta duk abin da aka ga dama a kanmu, amma a cire ƙishirwa. Ranar nan mun sha har ta hanci.